Malam Gwadabe a Tsakiyar Teku

Ruwan da Malam Gwadabe ya sani duk rayuwarsa mai gaɓa biyu ne. In damina ta yi nisa gulbi ya kawo, sai ya tura babur ɗinsa cikin kwalekwale, ya zauna yana hira da mai fito har su ƙetare, ya hau ya nufi rugagen bayan Nasarawa Burkullu da akwatin allurar shanu ɗaure a baya. Malamin dabbobi ne, kuma a wannan aikin ya tsufa. A Nasarawa aka haife shi, a Anka ya gina gida, a nan ya binne matarsa Hure da ɗansa Sa'idu. Bayan ya yi ritaya bai rage yawo ba. Yana da tumakinsa a bayan gida, yana da dakalin ƙofar masallaci, ran kasuwa kuma ba ya wuce karar dabbobi sai wani Bafulatani ya riƙo hannun rigarsa ya ce ya zo ya duba masa bakin saniya.

Ido ne ya fitar da shi ƙasar waje. Wata safiya ya tashi ya ji kamar an sauke masa labule a idon dama. 'Yarsa Fa'iza, wadda ke aikin jinya a Ingila, ta yi ta kai da komo har aka kawo shi wurinta aka yi masa aiki. Likitan ya hura wata iska a cikin ƙwayar idon don ta danne abin da aka liƙa, ya kuma gargaɗe su cewa kada ya kuskura ya hau jirgin sama sai iskar ta tsotse, in ba haka ba idon zai tafi gaba ɗaya. A daidai lokacin ne Fa'iza ke haɗa kayanta za ta bi mijinta Abdussalam, wanda ya riga ya kwashe yara ya koma Kanada da aiki. Ba wanda za ta bar wa uban. Sai ta ce masa za su bi jirgin ruwa, irin na masu yawon shaƙatawa, ya ga jikokinsa, in ido ya warke ya hau na sama daga can ya koma gida. Ya ce to, Allah ya kai mu.

Ranar da suka shiga, ya tsaya a bakin tashar yana ɗaga kai, domin abin ya fi duk wani gini da ya taɓa gani a Gusau tsawo. Ya ɗauka zai sha kallo. Ya kuwa sha, har zuwa lokacin da ƙasa ta ɓace a bayansu. Washegari da ya leƙa ta ƙaramar tagar ɗakinsu, wadda ba ta buɗuwa, bai ga komai ba sai ruwa mai launin toka yana tashi yana kwanciya. Ya jira ya ga itace, ko tsuntsu, ko wani kwalekwale. Bai gani ba. A ƙasan idonsa na dama kuma iskar nan tana nan kamar baƙar ƙwallo, tana rawa duk inda ya juya kai.

Kwanakin jirgin duk iri ɗaya ne. Da safe wata murya ta fito daga rufin ɗaki ta yi Turanci mai tsawo, Fa'iza ta ce masa kyaftin ne, shugaban matuƙan jirgin, yake faɗin inda aka kai da yadda iska take. Sai ta ɗiga masa magani a ido, su hau lifta zuwa ɗakin cin abinci, inda aka jera kwanoka tun daga wannan bango har wancan, kowa ya ɗauki faranti ya zuba son ransa. Fa'iza ce ke bin kwanokan tana karanta abin da aka rubuta, ta ce wannan kifi ne, wannan kada ka taɓa. Yakan ƙare da shinkafa da kifi da burodi, abinci mai kyau a ido amma salam a baki. Yana kallon yadda ake kwashe farantan da aka ci rabi, ransa yana sosuwa. Bayan an ci sai mutane su watse, wasu su kwanta a dogayen kujeru su lulluɓe da bargo suna kallon ruwa, wasu su tafi inda ake koyon rawa, wasu su zauna gaban na'urorin caca masu walƙiya tun hantsi. Yawancinsu tsofaffi ne kamarsa. Suna yi masa murmushi in sun haɗu a lungu, amma murmushin ba ya kai ga tambayar gida da iyali da gajiya, kafin ya buɗe baki sun wuce.

Salla ce ta fi ba shi wahala. Kusan kullum sai a ce an mayar da agogo baya, har ya daina yarda da na hannunsa. Rana ba ta fitowa sosai balle ya auna inuwa. Alƙibla kuma Fa'iza ke duba masa a wayarta, yau ta nuna ƙofar banɗaki, gobe ta karkata wajen madubi. Yakan shimfiɗa darduma a ɗan filin da ke tsakanin gadajensu biyu, in ya yi ruku'u ƙasa ta goce masa, ya dafe gado. Bai taɓa tunanin zai yi kewar ƙasa ba, ƙasar da ake takawa, sai da ya nemi ko tsinke ɗaya na ciyawa a duk faɗin jirgin ya tarar furannin da ke bakin matakala ma na roba ne.

Abin da ya rage masa shi ne zagaye. Akwai wata hanya ta katako da ta kewaye jirgin a waje, inda tsofaffin ke tattaki da takalman guje-guje. Shi ma ya shiga sahu da babbar rigarsa da rigar sanyi a ciki, iska tana kaɗa shi kamar tuta. Ka tafi, ka tafi, ka wuce ƙananan jiragen ceto da ke rataye, ka zagayo ta baya inda ruwa ke tafasa fari fat, ka dawo ƙofar da ka fito. Mutumin da ya saba in ya fita da safe sai ya taka ƙasar ƙauyuka uku kafin azahar, yanzu ƙofa ɗaya yake wucewa yana sake wucewa.

Wata rana a ɗakin cin abinci ya ɗaga cokali ya ce bismilla a fili, sai wani ma'aikaci da ke goge teburin kusa ya juyo ya ce masa, "Baba, sannu da cin abinci." Cokalin ya kusa faɗuwa. Mutumin baƙi ne mai ƙiba, da furfura a gemu, sunansa Tanko, ɗan zangon Kumasi ta ƙasar Gana. Hausarsa ta can ce, ba ya bambanta mace da namiji a magana, amma Malam Gwadabe ya ji ta kamar ruwan sanyi. Ya riƙe hannunsa ya jero masa gaisuwar da ta taru masa a ciki, har Tanko ya fara waige-waige, ya ce a hankali ba a yarda su daɗe da baƙi ba. Daga ranar kullum sai ya ajiye masa ɗan yaji a cikin takarda kusa da farantinsa, su yi magana kaɗan a tsaitsaye. A haka ya ji cewa su ma'aikata a can ƙasa suke kwana, ƙarƙashin ruwa, ɗakin ba taga, kuma tun kafin azumi Tanko bai ga iyalinsa ba. Malam Gwadabe ya so ya bi shi ya ga wurin, su zauna su yi hira ta gaske. Tanko ya nuna masa wata ƙofa mai jan rubutu ya ce baƙi ba sa wuce nan.

Sun kai tsakiyar tafiya lokacin da abin ya faru. Da la'asar Fa'iza ta sauka asibitin jirgin neman auduga, ta bar wayarta a kan gado. Wayar ta yi ƙara, ya ga hoton ƙanensa Makau, wanda ya bar wa tsaron gida a Anka. Ya yi murna ya danna. Muryar tana zuwa tana yankewa, amma sun gaisa, ya tambayi ruwa, Makau ya ce an yi mai yawa, gero ya yi kai. Ya tambayi tumaki.

"Ai tumaki sun tahi," in ji Makau. "Na kai ma abokinka Jibo can Gummi, awa yadda Fa'iza ta ce. Babur ma na ba ɗan wajen ƙanwarmu Inno. Ɗakinka na rufe. Kwanonin marigayiya ne ban san yadda za a yi da su ba, tunda ba ka dawowa."

"Wa ya ce ban dawowa?"

Makau ya fara cewa shi ya ɗauka an yi shawara da shi, Fa'iza ta ce an gama komai, takardun zama ma sun fito. Daga nan murya ta kakkarye ta ɗauke.

Malam Gwadabe ya zauna da wayar a hannu. Ya tuna ranar da ta kai shi wani ofis aka ɗauki hoton yatsunsa, da ranar da aka ɗebi jininsa aka ɗauki hoton ƙirjinsa, ta ce duk na biza ne. Ya tuna akwatin da ta cika masa da rigunan sanyi, ya ce mata sun yi yawa ga baƙon 'yan makonni, ta yi dariya ta kawar da zancen. Ya ajiye wayar, ya sa takalmi ya fita.

A gida in ransa ya ɓaci abin da yake yi ke nan. Ya sa takalmi, ya bi ta bayan kasuwa ya fita gari, kafin ya dawo zuciya ta sauka. A nan ya bi dogon lungu mai ƙofofi iri ɗaya, ya hau matakala, ya faɗa wani zaure inda wani ke kaɗa molo babba ana shan shayi, ya juya, ya faɗa shagon turare, ya juya. Da ya samu ƙofar waje ya yi ta zagaye har ya gaji. Ya tsaya ya riƙe ƙarfe yana kallon ruwan. Ko da zai yi ihu a tsaya ya sauka, ba inda za a sauke shi. Gaba ruwa, baya ruwa, kuma jirgin bai fasa tafiya da shi inda ba ya so ba.

Fa'iza ta same shi a nan wajen magariba, fuskarta ta nuna ta ga kiran Makau. Ta ce Baba, ya ɗaga mata hannu. Ya bi ta ɗaki don ba shi da wani ɗakin. Ya bari ta ɗiga masa magani don ba ya iya ɗigawa da kansa. Amma bai ce mata uffan ba, ranar da washegari. A wurin cin abinci ya ƙi jiran ta karanta masa kwanoka, ya ɗauki burodi da ayaba ya koma gefe. Tanko ya lura, ya tambaye shi ko jiki ne, ya ce a'a, tafiya ce ta yi tsawo.

Sai teku ya tashi. Tun da safe muryar kyaftin ta daɗe tana magana, aka rufe duk ƙofofin waje, aka ɗaure kujeru da igiya, aka rataya jakunkunan amai a jikin matakala. Ruwa yana dukan tagar ɗakinsu ya rufe ta ruf, ɗakin ya yi duhu, sannan ya sake ta. Ƙofar kabad tana buɗewa tana rufewa da kanta. Zagayen ma da yake samun sauƙi da shi an hana. Abin mamaki, shi tsohon bai ji komai ba sai ƙwallon idonsa da ke ta tsalle. Fa'iza ce ta kwanta. Ta yi amai har ba abin da ya rage a cikinta, ta dunƙule a kan gado tana rawar ɗari, ɗankwalinta ya zame.

Ya daɗe yana kallonta daga nasa gadon. Sannan ya tashi yana dafa bango, ya jiƙo tawul ya ɗora mata a goshi, ya riƙe mata kofi ta kurɓi ruwa. Ya gyara mata ɗankwalin. A nan ya ga furfura a gaban kanta, shi da yake ganin jiya-jiya aka yaye ta. Ya zauna a bakin gadon, ƙafarsa ɗaya a tokare da kabad don kada ya zame.

"Don mi ba ki hwaɗa mani ba?" ya ce.

"Da na faɗa, da ka shigo jirgin?"

Ya sake jiƙa tawul ɗin ya mayar mata a goshi.

Ta yi magana idonta a rufe, a hankali, tana tsayawa in jirgin ya nutsa. Ta ce tun ranar da 'yan bindiga suka tare motar su Sa'idu a hanyar Gummi, duk ƙarar wayar da ta ji sai ta ɗauka mummunan labari ne. Tana tsaye a kan marar lafiya ranar da aka kira ta, ta fita ta amsa, ta dawo ta ƙarasa ɗaure masa ciwo, don ba wanda zai karɓe ta. Ba ta ga gawar ɗan'uwanta ba. Da Inna ta bi shi bayan 'yan watanni, ita ma a waya ta ji. Ta ce ta san ba ya zama, ta san har yanzu yana hawa babur ya shiga daji in wani ya ce saniyarsa ta kwanta, Makau yana gaya mata duka. In ta kira bai ɗauka ba, ba ta iya cin abinci sai ya kira.

"Ku uku gare ni a can, aka ɗauke biyu. Kai kaɗai ka rage, Baba. Ban iya jiran wannan kiran."

Malam Gwadabe ya ji maganar ta shige shi, amma ba ta kawar da tasa ba. Ya ce mata ya ji, kuma bai ce ƙarya take ba. Ya ce amma shi ba kaya ba ne da za a ɗaure a sa a jirgi. Kowace Juma'a in an sauko yana zuwa ya tsaya a kan Hure da Sa'idu, ya cire ciyawar da ta fito, yanzu wa zai yi? Ya ce a cikin wannan jirgi an ba shi gado mai laushi da abincin da bai taɓa gani ba, ba wanda ya ɗaga masa murya, amma da za a ce ya zauna a haka har mutuwa, da ya roƙi Allah ya gaggauta. In Kanada ɗin ma haka take, ɗaki mai ɗumi da taga, to ta yi masa rai ta bar shi ya tafi inda in ya faɗi aka san sunan ubansa.

"Kuma tumakina," ya ce. "Ko sallama ba ki bari na yi da su ba."

Ta yi kuka sosai, ya bar ta ta yi. Ba su cim ma komai ba ranar. Amma da ta ɗan samu kanta, ta miƙa hannu ta nuna masa ƙaramin akwatin ƙarfe da ke cikin kabad, ta gaya masa lambobin da ake dannawa. Ya buɗe ya ɗauko fasfonsa ya sa a aljihun 'yar cikinsa. Ba abin da zai yi da shi a tsakiyar teku, amma da shi ya kwana.

Da ruwa ya lafa aka buɗe ƙofofi, suka fita zagaye tare, tana riƙe da hannunsa don har yanzu jiri bai sake ta ba. Sauran kwanakin suka yi ta ja-in-ja a hankali, a wurin cin abinci, a kan dogayen kujeru, a cikin lifta in ba kowa. Ita ta ce ya yi shekara ɗaya a wurinta kafin ya koma gida. Shi ya ce ranar da likita ya sallami ido. Ta ce to ya yi mata alkawarin ba zai ƙara fita bayan gari ba, ko saniyar wa ta kwanta. Wannan ya fi komai yi masa nauyi, ya kwana biyu bai ba ta amsa ba. A safiyar da aka fara hango tsuntsaye, ya ce ya yi alkawari.

Sun iso Kanada cikin hazo, har jirgin ya daɗe a tsaye a bakin tashar yana busa ƙaho kafin a bar shi ya matsa. Ya nemi Tanko ya yi masa sallama, aka ce yana ƙasa ana shirin karɓar sababbin baƙi, da yamma za su juya. Ya bar masa carbinsa a hannun wani ma'aikaci, bai san ko ya isa gare shi ba.

Idon bai warke da wuri ba. Malam Gwadabe ya ga ƙanƙara tana zuba, ya yi watanni a ɗaki mai ɗumi yana koya wa jikokinsa ƙirga da Fulatanci, yana kallon titi ta gilashi. Da likitan can ya sallami idon, Fa'iza ta sayi tikiti ba tare da ya tuna mata ba. A filin jirgi ba ta yi kuka ba, sai dai ta yi ta maimaita masa yadda ake ɗiga magani.

Ya koma Anka ana gab da shuka. Jibo ya dawo masa da tumakin, ban da rago ɗaya da aka yanka da layya. Babur kuwa bai nema ba, ya bar wa yaron. Gonarsa ta Nasarawa Burkullu tana can, bai je ba, masu zuwa ma sun ragu. In Fulani sun zo ƙofar gida da labarin saniya, sai ya tambaye su yadda take numfashi da kalar kashinta, ya gaya musu abin da za su saya, su tafi su kaɗai. Iyakarsa masallaci, kasuwa, maƙabarta ran Juma'a.

Fa'iza tana kira kullum kafin ta fita aiki, lokacin ana shirin azahar a Anka. Wata rana kiran ya same shi a karar dabbobi, ta ji kukan babura da hayaniya ta ce, "Baba, ina kake?"

"Cikin gari nike," ya ce.

Ta kasa kunne tana saurare, shi kuma ya bar ta ta ji hayaniyar garin da kanta. Sannan ta tambaye shi ko ya ɗiga maganin safe, ya ce Makau ya ɗiga masa.